Sharar da Na Yi a Garkar Lawali

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. Duk gidan da na shiga da ƙullin atamfata, kafin matar gidan ta taɓa ko turmi ɗaya sai ta ce, "Larai, wai me ya dawo da ke a kwana biyar, ke da kika yi mana sallamar sati biyu?" Wasu sun ce faɗa muka yi da ƙanwata. Wasu sun ce Faransawa ne suka koro ni, don a unguwarmu har yau akwai masu zaton suna nan zaune a bakin iyaka da hulunansu. Na gaji da ba da labari guntu-guntu a tsaye. Tunda na sha wahalar ajin yaƙi da jahilci, bari in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Duk wanda ya san ni a Suleja ya san ni da abu biyu, dillancin atamfa da tsintsiya. Ni ba na iya ganin tsinke a ƙasa in wuce. Tsakar gidana sau uku nake share shi a rana, kuma in kaza ta ratsa sai na bi sawunta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ciwo ba, baiwa na ɗauke shi.

Maigidana, Malam, masinja ne a sakatariya har ya yi ritaya. Mutum ne da za ku wuni tare bai yi magana goma ba. Yana da ɗan fili a Iku, kuma a lokacin da kowa ke jera ɗakunan haya saboda ma'aikatan Abuja da suka cika gari, shi sai ya dasa lemo, gindi goma sha biyu. Kullum bayan asuba zai hau kekensa da jarkoki biyu ya je ban ruwa. Ya hana ni zuwa, wai gona ba wajena ba ne.

To ni kuma ina da masu sayen kaya a Iku, Talata da Asabar. Wata rana da azahar na ce bari in leƙa. Abin da na gani ya sa na dafe ƙirji. An jibge busasshiyar ciyawa da ganye da ɓawon gyaɗa a gindin kowane lemo, kamar juji. Nan take na gane aikin maƙiya ne. Ga masu haya kewaye da filin, ga wani Alhaji mai gine-gine da ya daɗe yana zawarcinsa. Na ce wato so suke su mai da gonar bawan Allah bola har ya gaji ya sayar. Na ari tsintsiya na share tas, na tara a gefe na cinna wuta. Ban gaya wa Malam ba, don kada ransa ya ɓaci, kuma ina son ladan aikin ɓoye. Da na koma Asabar sai na tarar an sake zubawa. Na sake sharewa. Haka muka yi ta yi da maƙiyin nan rani biyu, shi bai gaji ba, ni ban gaji ba.

Lemo kuwa sai mutuwa yake ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci Malam kan ce, "Akwai mai hannu a gonar nan." Ni kuma in ce, "Akwai, Malam, Allah Ya tona asirinsa." Ana gobe zan tafi, saura gindi biyar, ya ajiye cokali ya ce, "Na ce wa Alhaji ya zo ƙarshen watan nan. Na gaji, Larai." Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba, kuma abin ya tsaya min a rai.

Tafiya dai ba fashi, don ƙanwata Dije da ke aure a wani ƙauye gaba da Maraɗi ta yi jika na fari, kuma rabona da ita shekara tara. Amma ban yarda in bar wa maƙiyi fili ba. Na kira maƙwabciyata Maman Bose, Bayerabiya mai sayar da gari, na damƙa mata tsintsiyata ta hannun dama, na sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Ta buga ƙirji ta ce, "Hajiya, no worry, zan share shi well well, ko tururuwa ba zai samu wurin ɓuya ba."

Da sassafe na isa tasha da jakata da tsarabata, tsintsiyar kwakwa guda ashirin, don na ji an ce can ba su da ita. Muka shiga fijo doguwa mu tara. Direbanmu ana ce masa Sai-Ta-Yi, kuma ban fahimci sunan ba sai da na ga yadda yake tayar da motar: sai an tura, an tura, ana cewa sai ta yi. Kusa da ni wata Bakatsiniya ce, Hajiya Mairo, mai fataucin doya. Allah Ya yi mata jiki, kuma tun daga Suleja ta zauna a kan gefen zanina. Na ja, na ja, na haƙura. Har Kaduna ban iya juya wuya ba, rabin hanyar ta hagu kawai na gani.

A Tafa aka tsaya karyawa da neman mai, don lokacin gidajen mai layi ne kawai babu mai, sai a galan wajen 'yan bumburutu. Na sayi shinkafa da wake wajen wata mata, na ce ta sake ɗauraye min kwanon. Ta ɗauraye. Na ce ta ƙara. Ta dube ni ta ce, "Madam, abinci kika zo ci ko inspection?" Hajiya Mairo ta yi dariya har motar da ta jingina da ita tana girgiza, daga nan muka zama ƙawaye.

Mun wuce Kaduna da kaɗan igiyar saman mota ta kwance. Ji muka yi fararar, muka waiga, sai ga tsintsiyoyina suna tashi ɗaya-ɗaya suna sauka a titi. Na kurma ihu har Sai-Ta-Yi ya taka birki ba shiri. Ya ce shi ba zai kashe mota ba, don in ta mutu a nan sai dai mu tura ta Zariya. Haka fasinjoji tara muka bazu a gefen titi, har da wani mai kwat da jakar ofis, kowa na tsintar tsintsiya. Wani direban tirela ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Kai jama'a, yau ba Asabar ɗin ƙarshen wata ta share gari ba ce!" Sha takwas muka samu, biyu sun bi wata motar itace.

Daga Zariya zuwa Funtuwa zuwa Malumfashi ba abin da ya faru sai zafi da shingen bincike. Abin da na lura da shi kawai, bishiyoyi na raguwa, jakuna na ƙaruwa. La'asar sakaliya muka shiga Katsina, Hajiya Mairo ta ce ba inda zan kwana sai gidanta. Aka ba ni ɗaki tare da doya ɗari da wata kaza mai kwanci da ta ƙi yarda ni baƙuwa ce. Tuwon dawa miyar kuka da man shanu aka kawo, kuma gaskiya ta fi tamu, ko da yake ban faɗa musu ba. Da asuba kafin masu gida su fito na share musu tsakar gida har bayan randa. Hajiya ta fito ta riƙe baki ta ce, "Ashe mutanen kudu haka kuke da tsabta?" Ban so ta kira ni 'yar kudu ba, amma yabon ya shige ni.

Daga Katsina motar Jibiya, daga Jibiya wata akori-kura zuwa iyaka. Ni a zatona iyaka katanga ce mai ƙofa. Sai na tarar da igiya da ganga biyu da rumfa, awaki na tsallakawa suna dawowa ba mai tambayarsu takarda. A ɓangarensu wani jandarma siriri ya karɓi takardata, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Wagga ta hi ki hushi." Na ce mai hoton ne ya ɓata min rai. Sai ya hango damin tsintsiya.

"Na saidawa na?"

"Tsaraba ce, ranka ya daɗe."

"Duka wanga? An ce miki Nijar ba mu da tsintsiya?"

Na ce akwai, amma tasu ta ciyawa ce, lallashin ƙasa take yi. Ya ce bai yarda ba. Ni kuwa tun zuwana idona na kan ɓawon gyaɗar da ke ƙarƙashin teburinsu. Na zare guda ɗaya na ce ya ɗaga ƙafa. Wallahi ya ɗaga, na kusa da shi ma ya ɗaga, da bindigarsa a cinya. Na share rumfar hukuma tas, fasinjoji na kallo. Ya buga min hatimi da ƙarfi ya ce da ana ba da lambar girma a nan da ya ba ni. Na bar masa tsintsiyar. Kun ga ke nan kafin in isa Maraɗi an yaba min a ƙasa biyu, kaina ya riga ya kumbura.

Maraɗi gari ne mai faɗi, yashi har cikin kasuwa. Hausarsu Hausa ce, sai dai duk inda muke da fa su ha gare su, kuma in suka ga ka fara ganewa sai su jefa Faransanci. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ba a leda, mutum ya soke shi a hammata ya hau keke. Na ga haka na ce ni da burodi sai na koma gida. Daga nan motar ƙauye, daga bakin hanya kuma amalanken shanu, ni da tsintsiya sha bakwai a sama kamar amarya da kayan ɗaki.

Dije ta rungume ni muka yi kuka, muka yi dariya, ta ce na tsufa, na ce ta baƙi. Mijinta Lawali ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, "Yaya, kun zo lahiya? Ina gajiya? Ina mutanen Suleja?" Mutum ne mai kunya, bai taɓa haɗa ido da ni ba tun da ya auri ƙanwata. Aka kawo fura a ƙwarya mai girman baho. Na sha, na zauna jiran abinci. Da yamma aka sake kawo fura. Na ja Dije gefe na ce, "Wai ku ba ku tauna ne?" Ta ce furar ita ce abincin, amma saboda ni ta yi kwaɗon zogale. Ga shayinsu kuma, a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, sai an yi awa ana zuba shi daga sama ana mayarwa, a ba ka kurɓi ɗaya mai ɗaci, a ce ka jira na biyu. A Suleja wanda ya ba baƙo wannan sai an kai ƙararsa.

Washegari, ana gobe suna, Lawali ya yi sammako kasuwa sayen rago, Dije da mata suna ta daka. Na ce ba zan zauna kamar hoto ba. Gidan kuwa Dije ta share, 'yar uwata ce ai. Sai na zaga baya, na ga wani shinge na ƙaya da 'yar ƙofa. Lambu ne, su garka suke cewa. Ga rijiya a tsakiya, ga 'yan mangwaro da gwaiba da lemon tsami, duk ba su wuce ƙuguna ba, kore shar a cikin wannan zafi. Amma ƙasan, inna lillahi! Karan gero, ɓawon gyaɗa, ganye, kashin awaki, an jibge a gindin kowanne. Na ce ashe ba a Iku kaɗai maƙiya suke ba. Gobe baƙi za su cika gida, wani ya leƙo ya ga wannan, a ce gidan ƙanwar Larai ne?

Na ɗaura ɗamara, na kwance sabuwar tsintsiya. Kara mai nauyi na kwashe da hannu, ƙanana na share. Kafin hantsi garka ta fito fes, har na yi mata zanen tsintsiya irin na ƙofar amarya. Na tara tsibi uku, na karɓo garwashi wajen masu girki na cinna wa na farko. Ina tsaye ina share gumi ina jin daɗin kaina sai ga Lawali da rago a igiya.

Ya tsaya a ƙofar garka. Igiyar ta zame daga hannunsa, rago ya yi gaba abinsa. Ya dubi gindin bishiyoyi, ya dubi hayaƙi, ya ɗora hannu biyu a ka. Ni yayar matarsa ce, ba dama ya ɗaga min murya. Sai ya durƙusa ya ce, "Yaya, sannu da aiki." Na ce yauwa. Ya ce, "Sannu ƙwarai." Na ce ba komai, ai yi wa kai ne. Ya ƙara cewa sannu, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Na ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa.

Dije ce ta shigo da gudu ta kwara ruwan guga a kan wutar. Ita ba ta da kunyata. "Yaya, kin kashe mu! Kwana tara yana jidar karan nan a kan jaki, ya hana shanunsa ya kawo nan!"

Na ce, "Shara fa na kwashe."

Lawali ya miƙe a hankali ya ce, "Yaya, don Allah taho ki gani." Akwai wani ɗan mangwaro a bayan rijiya da idona bai kai gare shi ba. Ya ce in cire takalmi in taka inda na share. Na taka, na yi tsalle, don ƙasar ta riga ta ɗau zafi kamar tanda. Ya ɗaga karan da ke gindin mangwaron ya ce in cusa hannu. Na cusa ina yatsina. Sanyi na ji, da laima, ƙasar baƙa mai laushi, ga gara na ta kai da kawowa.

"Nan in na ba shi guga guda, kwana ukku yana sha," in ji shi. "Can inda kinka share, kahin azahar rana ta shanye. Iska ko ta zo ta kwashe ƙasar. Haki ba ya hitowa ƙarƙashin kara. Gara ta ci shi, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanya, abin da ya rage ya ruɓe ya zama taki. Ke Yaya, kina hita cikin rana ba mayahi?"

Na ce a'a.

"To ita ma ƙasa ba ta so."

Ya nuna min yadda ake shimfiɗa shi zagaye, kauri kamar tafin hannu, a bar tazara tsakaninsa da jikin itacen don kada gara ta hau. Na tsaya ina kallon zagayen nan. Na san shi. Haka ciyawar Iku take, zagaye, da 'yar tazara a tsakiya. Wane maƙiyi ne zai zo zubar da shara ya tsaya yana zagaye gindi goma sha biyu daidai wa daida, bai tsallake ko ɗaya ba, rani biyu? Na zauna daɓas a cikin jiƙaƙƙiyar toka. Dije ta ce mene ne. Na ce, "Dije, ni ce maƙiyin." Sai kuma na tuna Maman Bose da tsintsiyata, da ƙarshen wata saura kwana shida, na ɗora hannu a ka kamar yadda Lawali ya yi.

Ranar nan ni na mayar da tsibi biyun da suka tsira, gindi bayan gindi, matan ƙauye na leƙe ta shinge suna cewa ga 'yar Najeriyar da ta share garka. Wanda ya ƙone kuwa sai da aka rushe wani tsohon dannin kara aka cike gurbinsa. Rago ma sai bayan azahar aka kamo shi a gonar wani. Washegari ana raɗa suna, ana shafa fatiha, na ɗauki jakata. Dije ta yi fushi ta ce ko naman ba zan jira ba. Lawali bai ce in zauna ba, kuma ban ga laifinsa ba. Har bakin hanya ya raka ni, ina jin don ya tabbatar na tafi ne.

Komowa ba ni da labarinta, don ban ga komai ba. Jandarman nan ya gane ni ya ɗaga ƙafa tun daga nesa, ban ko yi murmushi ba. A gidan Hajiya Mairo na sake kwana, da safe ta miƙo min tsintsiya na ce hannuna na ciwo. Duk motar da na shiga gani nake tafiyar hawainiya take.

La'asar na sauka Suleja. Tun daga bakin layi yara suka tare ni da labari: an kama mai yi wa Malam ɓarna, gobe za a je gaban mai unguwa. Na shiga gida na tarar da Malam zaune a kan tabarma fuska a ɗaure, Maman Bose tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙugu. Ashe ranar Talata ya fasa komawa gida, ya laɓe a wani kangon gini tun safe har azahar, sai ga maƙwabciyarsa ta shekara goma sha ɗaya da tsintsiya tana waƙar coci tana kwashe masa ciyawa. Ya tambaye ta wa ya aiko ta, ta ƙi faɗa. Tana ganina ta ce, "Hajiya, thank God! Ni na rantse, ban faɗa ba. Ya kira ni mayya, ban faɗa ba. Oya, buɗe bakinki."

Na ajiye jaka na durƙusa. Na faɗi komai, tun daga tsintsiyar aro ta farko har garkar Lawali. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na fi son ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya gyara zama a kan tabarma. Can ya ce wani malamin gona ne a Gawu Babangida ya koya masa shimfiɗa ciyawar, kuma a kan keke yake ɗauko ta tun daga bakin rafi. Ya ce abin da ya fi tsorata shi ba kwashewar ba ce, zanen tsintsiyar ne da tokar da ake bari a gefe. Ɓarawo ba ya yin kwalliya, don haka ya ɗauka asiri ne ake share masa albarkar gona. Har rubutu ya karɓo ya yayyafa, ni kuma na bi na share rubutun.

"Rani biyu ina roƙon Allah Ya shiryi mai yi min wannan aiki," in ji shi. "Ban san sai an kai shi ƙasar waje ba."

Maman Bose ta fashe da dariya har ta zauna a kan turmi. Malam ya tashi ya ba ta haƙuri, ya sa hula ya je ya janye ƙara, ya biya ya shaida wa Alhaji cewa fili ba na sayarwa ba ne. Ni kuma washegari na bi gidajen hayar Iku ina gaida mutanen da na yi rani biyu ina harara, ba su san dalilin hararar ba, ba su san dalilin gaisuwar ba.

Gindi uku muka tarar da rai, ganyensu ya naɗe kamar kunnen ɓera. A karon farko Malam ya ce in biyo shi gona. Shi ya yanko ciyawa, ni na ɗauko a ka, Larai guda, da shara a kai tsakiyar rana, mutane na kallo. Muna durƙushe muna shimfiɗawa na ce, "Malam, wai me ya sa ka nace wa lemon nan? Da ɗakuna ka gina da yanzu ka huta."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗaki sai da namiji mai bin 'yan haya, mai gyaran rufi. Lemo kuwa in ya kama, mace na zaune za a zo har gona a saya. Na girme ki da shekara goma sha shida, Larai, kuma Allah bai bar mana ɗa ba. Ni ba lallai in sha shi ba. Ke na dasa wa."

Na riƙe ciyawar a hannu na kasa ajiyewa. Tara na kashe da hannuna, ina neman lada. Kuka ya ƙwace min irin wanda ban yi ba tun rasuwar innarmu, a gaban 'yan haya da kowa. Malam ya bar ni na yi mai isata, sannan ya turo min jarka ya ce in zuba a hankali, saura biyu ba su sha ba.